Microsoft ya daina turo wa kwamfutocina sabuntawa: yaya zan ci gaba da aiki da su?

Tambaya daga wani mai shago a Samaru:

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu kusa da jami'a, kwamfutoci uku gare ni. Biyu Windows 10 ce a kansu, kullum sai sun nuna mini saƙon cewa an daina tallafa musu, na gwada hawa Windows 11 aka ce injinan ba su kai ba. Ta ukun tsohuwa ce mai Windows 7, ita ce haɗe da babbar firinta, kuma a kanta CorelDraw ɗina yake. Wani yaro ya ce akwai fayil da zai sauke mini wanda zai sa su ci gaba da karɓar afdet har abada. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne ya zan yi, alhali ba ni da kuɗin sabbin kwamfutoci yanzu? A kan waɗannan injinan nake biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, nake cike musu fom."

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a dunƙule. Na farko, ko Windows za ta iya ci gaba da samun sabuntawa bayan kamfanin da ya yi ta ya janye hannunsa. Na biyu, in hakan ba zai yiwu ba, yadda za ka ci gaba da neman abincinka da injinan da ke hannunka ba tare da ka jefa kanka ko ɗaliban da ke zuwa wurinka cikin matsala ba. Na har abada dai babu shi. Akwai ƙarin wa'adi ta hanyar da ta dace ga biyun nan masu Windows 10, kuma ana iya samunsa kyauta. Mai Windows 7 kuwa tata ta ƙare, sai dai a canza mata aiki. Fayil ɗin yaron nan kada ka bari ya shigo shagonka, zan zo kan dalili.

Abin da ya tsaya

Mutane da yawa sun ɗauka afdet ƙarin kwalliya ne, sabon launi ko sabon maɓalli, shi ya sa ba sa damuwa in ya tsaya. Mafi yawansa kuwa faci ne. Windows manhaja ce mai girman gaske, kuma kullum ana gano ɓaraka a cikinta, wato kuskuren da mai kutse zai iya bi ya shiga injin. A Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yake fitar da facin ɓarakar da aka gano. Shi wannan facin na wata-wata ne ya tsaya wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shekara goma da fitowarta a 2015. Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 aka yanke mata, manyan ma'aikatu suka sayi ƙarin shekara uku, shi ma ya ƙare a Janairu 2023.

Kwamfutarka ba za ta mutu ba don wannan. Za ta kunnu, Word zai buɗe, firinta za ta buga. Lamarin kamar gidan ƙasa ne a cikin birni da aka saba yi wa yaɓe kafin kowace damina, sai aka daina. Bana gidan lafiya lau yake, baɗi ma wataƙila haka, amma duk tsagar da ta fito tana nan, kuma ruwa bai fasa sauka ba.

Akwai wani abu da ya ƙara wa lamarin muni wanda ba kowa ke lura da shi ba. Windows 11 da Windows 10, har ma da Windows 7, tushensu ɗaya, ɓangarori da yawa na cikinsu iri ɗaya ne. Duk watan da aka fitar wa Windows 11 faci, masu kutse sukan ɗauke shi su warware, su ga wurin da aka toshe, sannan su je su duba ko wannan wurin yana nan a buɗe a tsofaffin. Sau da yawa yana nan. Wato facin da ke kare sabuwar shi ne ke nuna wa ɓarawo hanyar shiga tsohuwar, kuma jerin waɗannan hanyoyi ƙaruwa yake yi kowane wata, ba ya raguwa.

Ka tuna abin da ya faru a watan Mayu 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama tana neman fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ɓarakar da ta bi, Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Mafi yawan injinan da ta kama Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana cikin tallafi, masu su ne kawai ba su saka facin ba. Abin ya kai har kamfanin ya fitar wa Windows XP faci na gaggawa, duk da ya sallame ta tun 2014. Ya sake yin irin haka a 2019. Amma wannan alfarma ce da yake yi in gobara ta yi yawa, ba abin da mutum zai jingina kasuwancinsa a kai ba ne.

Ka fara duba inda injinan suke

Labarin WannaCry ya kawo ni kan abin da na fi gani a shagunanmu, daga Samaru zuwa Kongo zuwa PZ. Mutum zai zo yana cikin damuwa wai an daina tallafi a 2025, in na duba injin sai in tarar rabonsa da afdet tun shekarar da aka yi masa fomatin. Wanda ya ɗora Windows ɗin ya kashe sabuntawa tun ranar farko, ko don kada ta cinye data, ko don kada lasisin bogi ya tonu. Irin wannan injin ya daɗe da fita daga tallafi, mai shi ne bai sani ba.

Saboda haka ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver. Abin da kake so ka gani shi ne 22H2, shi ne zubi na ƙarshe na Windows 10. In ka ga 1909 ko 20H2 ko wani abu daban, aikin farko shi ne kai injin 22H2 da duk facin da ya fito har zuwa Oktoba 2025. Waɗannan suna nan, ba a goge su ba, kuma kyauta ne. Ƙarewar tallafi sababbi ta hana, ba ta kwashe tsofaffin ba.

Maganar lasisi kuma gara in faɗe ta a fili. Ƙananan manhajojin nan da ake kunna Windows da Office da su ta bayan fage, sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe Defender, manhajar kama cuta da ke zuwa cikin Windows, kafin su yi aiki, kuma da yawa daga waɗanda ke yawo a filash an cusa musu wani abu a ciki. Na sha buɗe injin da mai shi ke kuka da nauyi, in tarar abin da ke cinye ƙarfinsa tare da wannan manhajar ya shigo. Abin takaicin, yawancin kwamfutocin hannu na HP da Dell da Lenovo da ake kawo mana da lasisinsu na asali suke zuwa, a rubuce cikin allon injin. In aka ɗora irin Windows ɗin da ta dace da lasisin, Home ko Pro, da kanta take kunnuwa da zarar ta ga intanet. In kana zargin an yi wa injinanka wancan aikin, ka kwashe fayilolinka, a yi fomatin mai tsabta da Windows da aka sauke daga shafin Microsoft, sannan a ci gaba.

Biyun masu Windows 10

A karon farko Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin facin tsaro da ake kira ESU, wanda a da ma'aikatu kaɗai ke saya. Kamar yadda ya sanar a 2025, shirin na kai mutum zuwa 13 ga Oktoba 2026. Hanyar shiga uku ce: ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka shiga injin da asusun Microsoft ka yarda a ajiye saitunan kwamfutarka a wurinsu. Ta ukun ba ta cin ko kwabo, kuma ta raba ka da neman katin da ke biyan dala. Asusu ɗaya yana ɗaukar injina har goma, don haka biyun naka duk za su shiga. Mahaɗin shigar yana fitowa ne a shafin Windows Update, bayan injin ya kai 22H2 kuma ya karɓi facin baya-bayan nan. Ko ka makara wajen shiga, za ka samu facin watannin da suka wuce.

Ka kula da abu guda wajen shigar. Saituna kawai ake buƙata. Zai yi maka tayin ya kwashe duk abin da ke cikin Documents da Desktop zuwa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft da ke intanet, kada ka yarda. Gurbin kyauta gigabait 5 ne, zai cika nan da nan, zai cinye maka data, kuma takardun da ke kan injinan ma na mutane ne, ba naka ba. An kuma tsara shirin ne don injinan ɗaiɗaiku, wanda aka ɗaure a tsarin kamfani ko makaranta ba ya karɓarsa. Su ma'aikatu nasu daban ne: dala 61 kowane inji a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, iyakarsa shekara uku zuwa 2028.

Shi ESU faci ne na tsaro zalla, babu sabon abu, babu gyaran ƙananan matsaloli. Ban da shi, kamfanin ya ce burauzar Edge da bayanan da Defender ke gane cuta da su za su ci gaba da zuwa wa Windows 10 har 2028. Wannan ya rage zafi sosai, domin yawancin haɗarin da shago irin naka ke fuskanta ta burauza da fayilolin mutane yake shigowa. Amma kada ganin Defender na sabuntuwa ya sa ka ɗauka komai daidai ne. Shi yana kama cutar da ya sani ne bayan ta iso, ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows. Office ma ka duba shi: na 2016 da na 2019 rana ɗaya suka fita tallafi da Windows 10, na 2010 da 2013 kuwa sun daɗe da fita.

Data da wuta su ne ke sa mutanenmu gudun afdet, kuma uzuri ne na gaskiya. Facin wata guda yana cin ɗaruruwan megabait. Abin da nake yi wa masu injina da yawa shi ne in sauke shi sau ɗaya daga Microsoft Update Catalog, wanda shafin kamfanin ne, in ɗora a kowane inji. Sannan kada ka fara saka faci sai kana da tabbacin wuta. In kwamfutar tebur ce babu UPS, ko laftof ce da batirinta ya mutu, ka bari sai ka tada janareta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na daga cikin abubuwan da suka fi kawo mini injin da ya ƙi tashi, kuma daga nan ne mai shi ke rantsuwa ba zai ƙara yin afdet ba.

Bayan wa'adin fa? Akwai wani kamfani a ƙasar Sulobeniya mai manhajar 0patch, wanda ke rubuta ƙananan faci nasa ga Windows da aka sallama, ya kuma ce zai riƙe Windows 10 har 2030. Kuɗinsa wajen Yuro 25 ne a shekara kowane inji. Aikinsu na gaskiya ne, amma ɓarakar da suka ga ta fi haɗari kawai suke bi, ba duka ba. Za ka kuma ji ana maganar LTSC, wani zubi na Windows 10 da aka yi don injinan masana'antu da na asibiti, wanda wani nau'insa ke da tallafi har 2032. Da gaske akwai shi, sai dai lasisinsa ba a sayar wa mai shago ɗaya-ɗaya a kanti, kuma wanda ake ɗora wa mutane a kasuwa kusan kullum da waccan manhajar bayan fage ake kunna shi. Ka ga an koma gidan jiya.

Ɗora Windows 11 da ƙarfi

Kafin ka yarda cewa injinan ba su kai ba, ka binciki dalilin. Windows 11 tana neman RAM gigabait 4, ma'aji gigabait 64, guntun tsaro TPM 2.0, da firosesa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Na ga injinan da aka yanke wa ƙauna, kunna wannan kaɗai ya wuce da su. Zubin firosesa kuma daga lambarta ake gane shi: i5-6300U zubi na 6 ce, i5-8250U zubi na 8.

In firosesar ce ba ta kai ba, akwai manhajar Rufus da ke haɗa filash ɗin ɗora Windows 11 ta cire waɗannan sharuɗɗan. Windows ɗin ta asali ce daga Microsoft, binciken ƙofa kawai ake tsallakewa. A injinan zubi na 6 da na 7 masu RAM gigabait 8 da ma'aji mai sauri na SSD, na ga tana tafiya lafiya, facin wata-wata yana shigowa. Amma ka san abin da ka saya. Kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan injin faci ba. Sannan kowane zubi na Windows 11 Home da Pro wata 24 yake yi a tallafi, kuma injin da aka shigar ta taga ba ya hawa sabon zubi da kansa. Dole wani ya tuna ya ɗaga shi da hannu, in ba haka ba bayan shekara biyu ka dawo inda kake yau ba tare da ka sani ba. Tsofaffi sosai irin Core 2 Duo kuwa, daga zubin 24H2 ko tashi ba sa yi, Rufus ko ba Rufus.

A ganina, ga inji mai ɗan ƙarfi, wannan ya fi zama a kan Windows 10 da babu faci. Bai kai injin da ya cika sharuɗɗa ba.

Fayil ɗin yaron

Maganarsa tana da asali, shi ya sa take shiga kunne. Lokacin da aka sallami XP a 2014, mutane sun gano cewa in aka canza wani layi a rajistar injin, inda Windows ke ajiye saitunanta, zai riƙa gabatar da kansa a matsayin injin kanti mai nau'in Windows da ake kira POSReady 2009, wanda ke da sauran tallafi, sai facin wancan ya riƙa shigo masa. Microsoft ya yi gargaɗin cewa ba a gwada facin a kan XP ba, amma dabarar ta yi wa wasu aiki har Afrilu 2019, ranar da shi ma wancan ya ƙare. An yi wa Windows 7 makamancin haka da facin da ma'aikatu ke saya. Duk irin wannan dabara aron faci take yi daga wata 'yar'uwar Windows da ke da sauran kwana, ranar da kwanan ya ƙare babu wurin aro. Faci ba ya rubuta kansa, sai injiniyoyi sun zauna sun yi shi. In Microsoft ya daina yi wa Windows 7, babu fayil a duniya da zai samar da shi.

To ka auna. Ga Windows 10 kana da hanyar kyauta ta kamfanin. Ga Windows 7 babu abin da za a aro. Abin da ya rage a cikin tayin shi ne ka ba wani fayil da ba ka san wanda ya haɗa shi ba cikakken iko a kan injin da kake shigar da lambar katin mutane. Yaron wataƙila da zuciya ɗaya yake, shi ma a wani zaure ya samo. Haka nan nake cewa game da Windows ɗin da ake yi wa laƙabin mara nauyi, wadda wani ya yanke ya ɗinke ya saka a intanet: yawanci abin da aka fara cirewa a cikinta shi ne Defender da sabuntawa.

Mai Windows 7

Wannan ita ce ta fi damuna a cikin ukun. Chrome da Edge sun tsaya mata a zubi na 109 tun farkon 2023. Firefox 115 ne ya daɗe yana jan ta, shi ma da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ne ya yi hakan. Wato a kanta Windows ɗin a buɗe take, burauzar ma a buɗe. Daga yau kada a ƙara buɗe shafin banki, Remita, imel ko shafin makaranta a kanta.

Amma ba sai ka jefar da ita ba, tunda aikin da kake so ta yi, zane da bugu, ba ya buƙatar intanet. Ka yi mata sabuntawa ta ƙarshe in ba a taɓa yi ba: Service Pack 1, sannan KB4490628 da KB4474419, waɗanda sai da su take gane sa hannun facin da ya fito daga 2019, sannan sauran har na Janairu 2020. Daga nan ka zare mata wayar intanet, ka goge Wi-Fi na wayarka da na rauta daga cikinta, domin yaran shago kada su jona ta in ba ka nan.

Cire intanet rabin aikin ne. A shagon buga takardu filash ce babbar ƙofa. Kowa ya san cutar nan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi (shortcut) ta ɓoye na ainihin, daga filash ɗin ɗalibi zuwa injin shago zuwa filash ɗin na bayansa. Tsarin da nake ba masu shago shi ne filash ɗin baƙo ba ta taɓa tsohon inji. Aikin ɗalibi ya sauka a kan injin da ke samun faci, ta WhatsApp ko imel ko filash, Defender ya duba shi, in bugu ne kawai a mayar da shi PDF, sannan a kai shi tsohon injin da filash guda ta shago wadda ba ta fita ko'ina. Na san lokacin da 'yan aji huɗu ke gaggawar miƙa furojet layi yakan yi tsawo, kuma wannan zai ƙara minti ɗaya ko biyu a kan kowane mutum. Ya fi ka wayi gari a tsakiyar wannan kakar injin ya ƙi tashi.

Ka buɗe wa yaran shago asusu mara ikon shugaba a kan dukkan injinan, kai kaɗai ka riƙe kalmar sirrin babban asusun. Wannan kaɗai yana hana cututtuka da yawa kafuwa. Sannan ranar da injin yake lafiya, da CorelDraw da direban firinta duk suna aiki, ka ɗauki kwafin had-dis ɗin gaba ɗaya a wani dis na waje. Windows 7 tana da wannan a cikinta, akwai kuma Clonezilla kyauta. Dis ɗin da ya kai wannan shekarun zai iya tsayawa kowace rana, kuma samo direban tsohuwar firinta daga baya wahala ce.

Ka kuma gwada jona firintar a ɗaya daga cikin masu Windows 10. Tsofaffin LaserJet da yawa suna aiki da direban bai-ɗaya na HP. In ta yi, ka rage dalili ɗaya na dogaro da tsohon injin.

Linux fa?

In wa'adin ya cika kuma ɗaya daga cikin injinan bai iya ɗaukar Windows 11 ba, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, hanya ce mai kyau. Kyauta ce, ba ta da nauyi, zubi na 22 yana da faci har 2029, kuma Chrome da Firefox na yau suna tafiya a kanta. Ga injin da aikinsa cike fom, biyan kuɗi da buga silif, ban ga abin da zai hana ba, kuma cutar filash ta Windows ba ta kama ta. Inda take gazawa a sana'arka sananne ne. CorelDraw ba ya hawa. LibreOffice, madadin Office a kanta, yana buɗe fayil ɗin Word, amma furojet mai shafi tamanin da teburori da lambobin shafi yakan goce, ɗalibi ya dawo yana cewa malaminsa ya ƙi karɓa. Manhajojin ɗaukar zanen yatsa da wasu rajistoci ke buƙata kuma galibi na Windows ne. Za ka iya gwada ta daga filash ba tare da ka goge komai ba, ka ga ko firinta da sikana sun amsa.

Da shagon nawa ne

Zan raba injinan ne bisa abin da ke bi ta cikinsu. Guda ɗaya, mafi ƙarfi, shi kaɗai zai riƙa taɓa kuɗi da bayanan mutane, kuma shi ba zan yarda ya kwana ko wata ɗaya babu faci ba. Ɗalibin da ya miƙo maka lambar NIN ɗinsa, hotonsa, takardar haihuwarsa da katin bankinsa amana ya ba ka, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan da ta ɗora wa mai riƙe irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Kada burauzar wannan injin ta riƙa ajiye kalmomin sirri da lambobin kati, kuma a riƙa goge takardun mutane bayan an gama musu aiki. Wannan shawara ta shago ce da ƙaramin ofis. Kwamfutar da ke haɗe da na'urar asibiti ko ta ɗakin gwaje-gwaje hukuncinta daban, ba a taɓa ta sai da kamfanin da ya kawo na'urar.

Watannin da ESU ya ba ka, na tara kuɗin inji ɗaya ne, ba uku ba, kuma ba sai sabo ba. Na hannu mai zubi na 8 ko sama, RAM gigabait 8 da SSD ya wadatar. In ka je saye kada ka tsaya a sunan injin da ke jikin murfi, domin samfuri ɗaya kan zo da firosesa iri biyu. EliteBook 840 G5, misali, akwai mai zubi na 7 akwai mai na 8. Ganin Windows 11 a kan allo ma ba hujja ba ne, tunda masu sayarwa sun iya Rufus. Ka sa a kunna maka shi a gabanka, ka karanta lambar firosesar da idonka, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc ka ga 2.0.

In kuma ka tashi sayar da ɗaya daga cikin tsofaffin don cika kuɗin, ka tuna shekara nawa takardun mutane suka yi suna sauka a kansa. Fomatin na gaggawa ba ya goge su, manhajar dawo da fayil ta kyauta tana fito da su. Ko dai a yi masa gogewa cikakkiya wadda ke bin dis ɗin gaba ɗaya, ko ka cire had-dis ɗin ka riƙe, ka sayar da injin babu shi.